Peak District, Yorkshire Dales ko Lake District: wanne ya dace da hutunka na keke?

Duk wanda ya ƙudurta yin hutun mako guda a kan keke a tuddan Ingila, sunaye uku ne za su yi ta dawo masa: Peak District, Yorkshire Dales da Lake District. A hoto kamar uwa ɗaya ta haife su. Ga korayen tuddai, ga tumaki, ga katangun dutse da aka jera ba siminti suna hawa suna sauka har inda ido ya tsaya. Sai ka ɗora ƙafa a feda za ka gane kowanne da halinsa. Na ga iyalan da suka zaɓi wuri don hoton tafki ya burge su, suka ƙare hutun suna tura keke da hannu, ran kowa a ɓace, yara sun ce ba su ba keke. Abin yana damuna ƙwarai, domin kuskure ne da ake iya kauce masa tun daga gida, da taswira da ɗan lissafi.

A fara sanin cewa dukansu ukun gandayen ƙasa ne, wato national park, kuma gandun ƙasa a Ingila ba shi da shinge, ba shi da ƙofa, ba a biyan kuɗin shiga. Garuruwa ne da ƙauyuka da gonaki, mutane na zaune suna harkokinsu, kuma mafi yawan filin na manoma ne da masu ƙasa. Hukumar gandu aikinta tsara gine-gine da kare yanayin wurin. Peak District shi ne na farko a duk Birtaniya, a 1951 aka ayyana shi, Lake District ya biyo baya a cikin shekarar, Yorkshire Dales kuma a 1954.

Abin da za ka fara dubawa shi ne hawa, nisa ya biyo baya. Kilomita 50 a shimfiɗaɗɗen fili aikin safiya ne ga mai ɗan sabo da keke. Kilomita 50 ɗin nan a waɗannan wurare tana iya zuwa da hawan mita 800 ko 1,000, ta cinye maka yini ɗungurungum. Bayan yawan hawan kuma akwai tsananinsa, wanda ake aunawa da kaso: kashi 10 cikin 100 na nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba, ka ɗaga sama mita 10. Kashi 5 kowa zai iya in ya bi a sannu. Kashi 10 shi ke sa hira ta yanke. Daga kashi 20 zuwa sama tayar gaba ta fara neman barin kwalta, in ka kuskura ka tsaya kuma, sake tayar da keken sai ka yi da gaske. Taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, suna nuna wannan da 'yar alama mai kama da kan kibiya a kan layin hanya. Guda ɗaya na nufin kashi 14 zuwa 20, biyu a jere na nufin ya haura 20. Ka zana hanyar yini ka ƙirga alamun nan, ka riga ka san rabin labarin. Amma ka ƙirga su da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a tafiyar, don shi ne zai yanke yadda yinin zai ƙare.

Da wannan ma'auni Peak District ya fi sauran biyun rangwame, kuma tarihi ne ya ba shi. A ƙarni na 19 an ratsa yankin da layukan dogo. Jirgin ƙasa ba ya shiri da tudu, don haka magina suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka kafa gadoji don layin ya kwanta. Da aka rufe layukan, sai aka kwashe ƙarafan aka mayar da shimfiɗar hanyar keke da ƙafa da doki, ba mota ko ɗaya. Ke nan kana tsakiyar ƙasar tuddai amma kana tafiya a kan hanyar da aka daidaita wa jirgi.

Wadda ta fi shahara ita ce Monsal Trail, kusan kilomita 14 daga gefen garin Bakewell zuwa Blackwell Mill. Jirgi ya daina bin ta a 1968, amma sai a 2011 aka buɗe manyan ramukan da suka huda dutse, aka sa musu fitilun da ke ci da rana. Ramin Headstone ya kusa rabin kilomita. Kana shiga sanyi zai daki fuskarka ko da a tsakiyar Yuli ne, ruwa na ɗiga daga rufi yana faɗo maka a wuya, ƙarar taya a ƙasa tana dawo maka daga bango. Can gaba ka hango ɗigon haske yana girma, kan ka ankara ka fito a kan doguwar gadar Monsal, kogin Wye na can ƙasa yana lanƙwasa a cikin kwari. Na ga yarinya 'yar shekara bakwai ta taka birki a tsakiyar gadar nan ta yi shiru tana kallo, uban na bayanta bai ce mata komai ba. Yaro ƙarami ya kai kansa irin wannan wuri da ƙafarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a cikin gandayen uku nan ne ya fi sauƙin samuwa.

Akwai kuma Tissington Trail, kilomita 21 daga Ashbourne zuwa Parsley Hay. Tana hawa a hankali yadda ido ba ya gani amma cinya tana ji, kusan mita 200 daga farko zuwa ƙarshe. Shi ya sa ya fi kyau a tashi daga Ashbourne da ƙarfin safiya, a dawo da gangara lokacin da kowa ya gaji. A Parsley Hay ta haɗu da High Peak Trail mai kusan kilomita 28, kuma a nan akwai abin lura. Layin da ta gada an kammala shi tun 1831, zamanin da ake jawo taragai da igiya a wuraren hawa, da injin tururi da aka kafa a saman tudu. Ɗakin injin Middleton Top yana nan tsaye har yau. Saboda haka ɓangaren da ya gangara Cromford yana da hawa mai kusan kashi 12, dogo kuma miƙaƙƙe. Mai tafe da yara ya tsaya daga Middleton Top zuwa arewa. Manifold Way kuwa kilomita 13 ce ta kwalta a cikin kwari, tana wucewa ƙarƙashin bakin kogon Thor. Sai zagayen madatsun ruwa na Ladybower da Derwent da Howden, a kwarin da jiragen yaƙin Birtaniya suka yi atisaye a 1943 kafin su kai hari kan madatsun Jamus. In ka haɗa waɗannan ka sami kwana huɗu ko biyar na tafiya ba tare da ka yi kokawa da mota ba, kuma akwai wuraren hayar keke a bakin kusan kowace.

Kada wannan ya sa a ɗauka wurin na masu koyo ne kawai. Kudancin gandun, da ake kira White Peak, ƙasar farar ƙasa ce mai kwaruruka masu zurfi. Arewacinsa, Dark Peak, tudu ne na baƙin dutse da fili fetal mai iska. A can Holme Moss yake, mita 524, wanda 'yan tseren Tour de France suka haura a rana ta biyu ta gasar 2014. A can Snake Pass yake. Sai kuma Winnats Pass kusa da Castleton, inda hanya ta kutsa tsakanin bangayen dutse biyu tana haura kashi 20. Winnats yana da matsala ɗaya: tun 1979 da aka haƙura da babbar hanyar gindin tudun Mam Tor saboda ƙasa na zamewa da ita, motoci suka koma bin sa, ga shi ƙunci. In za ka gwada shi, ka je da sassafe.

Aibin Peak District ba ɓoyayye ba ne. Yana tsakanin Manchester da Sheffield, don haka ranakun Asabar da Lahadi in rana ta fito, Monsal Trail cika take maƙil da masu yawo da karnuka da kekunan jarirai, ba zancen gudu. Hanyoyin dogon nan kuma miƙaƙƙu ne, je ka dawo. In kana son haɗa ɗaya da wata, dole ka fita kan titin ƙauye, nan take tudu ya karɓe ka. Manyan titunan kewayen Buxton suna da manyan motocin ɗaukar dutse. Sannan kyan wurin mai laushi ne. Ƙololuwarsa, Kinder Scout, mita 636 ce kacal. Mai neman tsaunin da zai sa shi ɗaga kai ba a nan zai same shi ba.

A Lake District zai same shi. Ba na jayayya da duk wanda ya ce ya fi sauran kyau. Shi ne gandu mafi girma a Ingila, murabba'in kilomita 2,362, a cikinsa Scafell Pike yake, mita 978, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, ga tafkunan Windermere da Ullswater da Derwentwater, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwarurukan wurin sun bazu ne daga tsakiya kamar wayoyin wilin keke, tsaunuka a tsakaninsu. Hanyoyi kaɗan ne. Ko dai ka bi babban titin cikin kwari, irin A591 da ya haɗa Windermere da Ambleside da Keswick, wanda a lokacin hutu motoci da bas-bas ba sa yankewa a kansa, ko kuma ka haura mashigin tsauni zuwa kwari na gaba. Matsakaiciyar hanya, wadda ba cunkoso ba kuma azaba, tana nan a gefe-gefen gandun, amma a tsakiyarsa ta yi ƙaranci.

Mashigan nan kuwa ba wasa. Kirkstone shi ne mafi tsawo da mota ke bi, mita 454, kuma hanyar da ta hau shi kai tsaye daga Ambleside sunanta ma The Struggle, wato fama. Honister da Wrynose suna taɓa kashi 25. Hardknott yana kai kashi 30, yana cikin titunan da suka fi tsanani a duk Ingila. Ƙololuwarsa mita 393 ce kawai, amma daga ɓangaren Eskdale kana ɗaga kusan mita 300 a cikin abin da bai fi kilomita 2 da 'yan kai ba, a kan kwalta mai ƙunci da kwanoni masu karyewa, kana wuce kangon sansanin Rumawa a rabin hanya. Akwai gasar Fred Whitton da ake yi a watan Mayu tun 1999, kusan kilomita 180, da ke haɗa waɗannan mashigai a yini guda. Mutanen da suka yi wata da watanni suna shiri su ne za ka ga da yawansu sun sauka suna turawa a Hardknott.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sauka ta fi hawa haɗari. Mai hawa in ya gaza turawa zai yi, ba abin da zai same shi. Na taɓa gangarowa daga ɗaya daga cikin mashigan nan cikin yayyafi, a kan keken haya mai birkin roba irin wanda ke matse bakin wili. Da wilin ya jiƙe, sai ka matsa birki ya yi daƙiƙa guda ko biyu yana share ruwa kafin ya kama. Kafin kwana ta uku yatsuna sun sage, tafin hannu na zogi, keken kuma yana ta neman ƙwacewa. Na sauka na gangara da ƙafa, ina riƙe da birkin duka biyu, kuma da na sake samun kaina a wurin haka zan yi. Tun daga ranar ba na yarda a tafi irin wannan ƙasa da birkin da ba a gwada ba. Birkin faifai, wanda ke kama farantin ƙarfe a tsakiyar wili, ya fi kamawa cikin ruwa nesa ba kusa ba.

Ruwa kuma a nan gidansa. Iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika waɗannan tsaunuka take fara karo da su ta zubar da abin da ta ɗauko. Ƙauyen Seathwaite da ke Borrowdale yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara, garin Buxton na Peak District bai kai rabin haka ba. A Disamban 2015, lokacin guguwar Desmond, an auna milimita 341 a Honister cikin awa 24, ruwan da ya tafi da gadoji biyu na hanyar keken Keswick zuwa Threlkeld. Sai a Disamban 2020 aka sake buɗe ta. Hanya ce mai daɗi, kwalta, a bakin kogin Greta, amma kilomita 5 ce. Haka hanyar gaɓar yammacin Windermere, daga mashigar jirgin fito zuwa Wray Castle: kyakkyawa, gajera. Iyali za su sami rabin yini nan, rabin yini can, ba za su sami mako ba. Wanda Lake District ya fi yi wa rana, bayan mai neman gwada ƙwanjinsa a mashigai, shi ne mai keken daji. Dazuzzukan Grizedale da Whinlatter suna da hanyoyin da aka gina musamman, an raba su da launi gwargwadon wahala. Haka kuma wanda keke ɗaya ne daga cikin abubuwan da ya zo yi, yau feda, gobe hawan dutse da ƙafa, jibi kwale-kwale. Ga irin wannan hutu babu kamarsa.

Yorkshire Dales shi ne wanda zuciyata ta fi kwanciya da shi ga mutumin da ya zo don keke kawai, kuma ya saba yin kilomita 60 ko 70 a yini. Tsarin ƙasar ne ya sa. Kwaruruka ne dogaye, Wharfedale, Wensleydale, Swaledale, Ribblesdale, Dentdale, kowanne da koginsa da jerin ƙauyukansa na dutse. A cikin kwari hanya tana hawa da sauka a hankali, sau da yawa ma hanya biyu ce, babba a wannan gaɓar kogi, ƙarama marar motoci a waccan. In za ka tsallaka zuwa kwari na gaba, sai ka biya kuɗin fito da hawa guda mai tsawo, ka yi tafiya a fili marar shinge inda ba ka jin komai sai iska da kukan tumaki, sannan ka gangara. Yini yakan zo da tsari mai kyau: sassauci, hawa ɗaya ko biyu da ka san da zuwansu, sassauci. Jiki yana samun lokacin farfaɗowa, abin da Lake District ba ya bayarwa.

Hawan kansu manya ne. Buttertubs, tsakanin Hawes da Thwaite, mita 526, ya samo sunansa daga wasu ramukan dutse masu zurfi da ke bakin hanya. Ranar 5 ga Yulin 2014 Tour de France ta bi ta kansa a zangonta na farko, daga Leeds zuwa Harrogate, tare da Kidstones da Grinton Moor, kuma tun daga lokacin masu masauki da masu shagunan yankin suka saba da baƙi masu keke. Fleet Moss, kudu da Hawes, ya kusa mita 600. Park Rash da ke bayan Kettlewell yana da kwana mai kashi 25, wannan kam ɗan'uwan na Lake District ne. Bambancin shi ne a nan galibi kana da zaɓin kewaye mafi tsanani ta wata hanyar.

Akwai zagaye da aka riga aka tsara, Yorkshire Dales Cycleway, kusan kilomita 210, ana iya tashi daga Skipton a dawo Skipton, a raba shi kwana biyar ko shida. Layin dogon Settle zuwa Carlisle kuma yana ratsa yammacin gandun ta kan gadar Ribblehead mai baka 24, yana tsayawa a Horton da Ribblehead da Dent da Garsdale, wanda ke nufin in yini ya ɓaci akwai mafita. A lura dai, tashar Dent tana kan tudu mai mita 350, kilomita 6 zuwa 7 daga ƙauyen, kuma hawa zuwa gare ta aiki ne mai zaman kansa. Inda Dales ya gaza shi ne hanyoyin da ba mota. Swale Trail, kilomita 20 daga Reeth zuwa Keld, da aka buɗe a 2018, tana da kyau, amma tsakuwa ce da duwatsu, rabinta na sama kuma yana da wuya ga ƙaramin yaro. Ƙauyuka ma suna da tazara. A saman fili, in hazo ya sauko ko taya ta yi faci, ba shago, ba mafaka, wani lokaci ba sabis ɗin waya. Famfo da kayan faci da rigar ruwa ba abin barin su a masauki ba ne.

Zaɓin gandu yana tafiya da zaɓin yadda za a kwana. A Peak District masauki ɗaya ya wadatar, a Bakewell ko a kwarin Hope, kullum a fita a dawo. Kwarin Hope yana da tashoshin jirgi a Edale da Hope da Hathersage a kan layin Manchester zuwa Sheffield. Bakewell ba shi da tasha, mafi kusa da sauƙi ita ce Matlock, kusan kilomita 13. A Lake District ma masauki ɗaya nake ba da shawara, Keswick ko Ambleside, don hawa Honister da jakunkuna biyu a kariya wahala ce da ba ta da lada. Dales ne ya dace da tafiyar yada zango, yau Malham, gobe Dent, jibi Hawes ko Reeth, kuma akwai kamfanonin da ke ɗaukar kaya su kai maka masauki na gaba. Mai tunanin kafa tanti duk inda dare ya yi masa ya sani cewa a waɗannan gandaye uku doka tana buƙatar izinin mai fili. Jiragen ƙasa suna ɗaukar keke kyauta, amma gurbin kaɗan ne, sau da yawa biyu a jirgi, na dogon zango kuma sai an kama wuri tun da wuri. Ayarin mutum biyar da kekuna biyar su yi wannan lissafi kafin ranar tafiya.

Keken kansa, abu biyu ne a duba: birki, wanda na riga na yi magana a kai, da giya mafi taushi. In ƙaramin farantin gaba yana da haƙora 34, babban na baya ma 34, to juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zan shiga Dales ko Lake District da shi. Mai kaya a baya ya nemi wadda ta fi haka taushi. A hanyoyin dogon Peak District kowane keke mai ɗan kaurin taya ya isa. In haya za ka yi, ka tuna a Birtaniya birkin gaba yana hannun dama ne. Wanda ya saba da akasin haka ya gwada a fili kafin gangara ta farko, kamar yadda zai tuna cewa hagun titi ake bi.

Keke mai batir ya sauya wannan lissafi sosai, kuma ina goyon bayansa ba tare da wata-wata ba. Shi ne ke sa miji da mata masu ƙarfi daban-daban, ko uba da ɗansa matashi, su iso saman Buttertubs tare suna hira. Doka ta amince da shi a matsayin keke in injinsa bai wuce wat 250 ba, taimakon yana yankewa a gudun kilomita 25 a awa, mahayin kuma ya kai shekara 14. Amma batir yana taimakon hawa ne kawai. A gangara keke ne mai nauyin fiye da kilo 20 da ke buƙatar hannu mai ƙarfi, kuma hawa yana shan caji da sauri fiye da yadda allon ke alkawari a fili. Kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar batir mai wannan girma, don haka mai zuwa daga nesa haya zai yi a can. Da shi Dales ya buɗe wa kusan kowane baligi mai lafiya. Hardknott kuwa ko da batir sai wanda ya iya sauka.

Game da lokaci, Mayu da Yuni su ne zaɓina, sai Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, wanda ke ba ka damar tsayawa ka jira ruwa ya ɗauke ka ci gaba. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta makarantu na hutu, masauki ya yi wuya, tituna sun cika, Lake District ya fi kowanne jin wannan. Haka ƙarshen makon da ke haɗe da Litinin ɗin hutu, a farko da ƙarshen Mayu da ƙarshen Agusta. Daga Maris zuwa Mayu tumaki na haihuwa, kuma a hanyoyin da ba shinge ɗan tunkiya zai iya tsallaka titi da gudu ya bi uwarsa ba tare da ya dube ka ba. In ka ga uwa a wannan gefe ɗa a wancan, ka rage gudu. Za ka kuma riƙa cin karo da ƙarafan da aka shimfiɗa a kan rami a tsakiyar titi don hana dabbobi wucewa. Ka tsallake su a miƙe, kada ka taka birki ko ka karya kai a kansu, musamman in sun jiƙe.

In ka bar kwalta, launin kibiyar da ke jikin turke shi ne doka. Ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce kawai, keke ba shi da haƙƙi a kanta. Shuɗiya hanyar doki ce, kuma tun dokar 1968 keke yana da izinin bin ta, da sharaɗin ya ba masu ƙafa da masu doki hanya. Ja ta kowa ce har da mota. Ƙofar gona da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe. In wani ya ji rauni a wurin da motar asibiti ba ta kaiwa, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceto na tsauni.

To wanne za a ɗauka? In a tafiyar akwai yaro, ko dattijo, ko wanda ya daɗe bai hau keke ba, ko kuma wannan ne karonku na farko a ƙasar tuddai, Peak District, kuma ba na jin akwai abin tattaunawa a kai. In dukanku mahaya ne kuma abin da kuke so shi ne kwanaki a jere kuna feda daga ƙauye zuwa ƙauye, Yorkshire Dales. Lake District na wanda ya san abin da ya je nema ne, mashigai ko hanyoyin daji, ko wanda zai haɗa keke da wasu abubuwa ya kuma yarda ruwa ya cinye masa kwana biyu cikin bakwai.

Wanda har yanzu bai san ajinsa ba, ga yadda zan tsara masa mako. Ya sauka a Bakewell. Rana ta farko Monsal Trail, je ka dawo, don jiki da keke su san juna. Ta biyu Tissington daga Ashbourne. Ta uku ya fita kan ƙananan titunan White Peak, kilomita 40, ya rubuta yawan hawan da ya yi da yadda ya ji da yamma. Ta huɗu hutu. Ta biyar ya je kwarin Edale ya hau Mam Nick, kusan kilomita 2 a kan kashi 10, hawa na gaskiya amma wanda ba ya wulaƙanta mutum. In ya kai sama bai sa ƙafa a ƙasa ba, ya kuma gangaro hannunsa bai sage ba, to baɗi ya kama masauki a Hawes. In ya tura rabin hanya, har yanzu yana da Manifold Way da madatsun Derwent na kwana biyun da suka rage.